Bencin Ƙofar Asibiti

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka bar wa mutanen Zango, a Agege, wani ɗan ƙaramin asibiti na awon ciki da rigakafin yara. Kantoman soja ne ya gina shi dab da zai sauka. Ɗaki uku ne da baranda, sai unguwarzoma ɗaya Bayarabiya da ƙaramar hukuma ke biya. Aka shekara matar ba ta da aiki sai korar ƙuda da saƙa hular jarirai wadda ba ta san kan da zai sa ta ba.

Da ciyaman na farar hula ya zauna da gindinsa, aka shiga neman inda za a zuba ma'aikatan haraji. Ido ya faɗa kan asibitin. Shugaban sashen lafiya, Mista Olaniyan, ya kira wata ƙaramar jami'ar mulki da ke ƙarƙashinsa, Nendirmwa Longji, 'yar Filato.

Ya ce, "Ke kina jin yarensu. Je ki duba, ki kawo mini rahoto cewa Hausawa ba sa son asibiti. Ƙarshen wata za mu rufe."

"Oga, in na tarar ba haka ba ne fa?"

"Haka za ki tarar. Kowa ya sani."

Da wannan kalma ta "kowa ya sani" ragon ma'aikaci yake binne aiki. Shi kuwa Olaniyan ba mugu ba ne, zaman ofis ne ya yi masa yawa.

Nendirmwa tana karatun difloma a fannin gudanar da aikin gwamnati, kowace Asabar a Ikeja. Yawancin 'yan ajinsu takarda suke so don a ƙara musu mataki. Ita abin da ake faɗa take saurara. Wani malaminsu ya taɓa ce musu, in gwamnati ta gina abu mutane suka ƙi zuwa, kada jami'i ya fara da zagin mutanen, ya je ya tsaya inda suke tsayawa ya ga abin da suke gani. 'Yan aji suka rubuta don jarrabawa. Ita ta hau motar danfo da maganar a ranta zuwa Agege.

Abin da ta fara tararwa a ƙofar asibitin dogon benci ne a inuwar baranda, dattawa sun jeru a kai, da buta da rediyo da faranti na goro. Wurin a share tas. Babbansu, Alhaji Jumare, tsohon dillalin shanu, mai farar hula a tsakiyarsu, shi ya amsa gaisuwarta.

"Wannan Hausar ta dutse ce," in ji shi. "'Yar Jos, me aka aiko ki da shi?"

"Baba, na zo ganin asibiti ne. An ce ba a zuwa."

Fuskar tsohon ta canza. Ya ce, "'Yata, tun ran da aka yanke zare nake zaune a nan. Gwamnati ta kawo mana abu har gida, mu bar shi kamar kango? A ce Hausawan Agege ba su san mutuncin kyauta ba? Mu muke shara. Mu muka kori 'yan iskan da suka so su cire tagogi. Na yi shela a masallaci ba sau ɗaya ba, kowa ya turo iyalinsa. Amma kin san mata, sai addu'a."

Gaskiya yake faɗa, kuma har zuciyarsa. Nendirmwa ta karɓi goron da ya miƙa mata ko da yake ba ta ci, ta samu gefen baranda ta zauna. Ba ta rubuta komai ba, kallo kawai take yi.

Can da hantsi wata yarinyar mace ta ɓullo daga lungu, lulluɓe da mayafi, tana tafiya a hankali. Ta doso asibitin. Da ta hango bencin sai ta sunkuyar da kai, ta juya kamar ta tuna wani abu, ta bi ta gefen ginin ta ɓace. Nendirmwa ta yi wa dattawa sallama ta bi bayanta.

Lungun ya kai ta bayan asibitin, inda wata mata mai suna Baiwa take da injin markaɗe. Mata sun cika wurin da robobin wake da tattasai. Yarinyar tana zaune a kan turmi, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya nutse a ciki.

"Sannu, ƙanwata. Wata nawa?"

Yarinyar ta rufe fuska. Baiwa ta kashe injin ta amsa mata. "Na fari ne, ba za ta faɗa miki ba. Zuwaira kenan, matar Hamidu. Sati biyu tana kukan ciwon kai, idonta yana ganin taurari."

"To ga asibiti a bayanku, bango ɗaya ya raba ku. Me ya hana?"

Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Anti, ba ki ga 'yan majalisar dokoki ba?"

Zuwaira ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Mai farar hular nan, na tsakiya, baban maigidanmu ne. In ratsa gabansa da wannan cikin, in durƙusa in gaishe shi, in shige ɗakin awo yana kallo? Wallahi gara ƙasa ta tsage."

"Na kusa da shi kawuna ne," in ji wata. "Na ƙarshe kuma shi ya karɓi sadakina."

"Ba wanda ya taɓa gaya musu?"

Baiwa ta riƙe haɓa. "Wa? Ke kya iya ce wa surukinki, Baba tashi zan je a duba mini ciki? Ku can Jos haka kuke yi?"

"Mu ma ba ma yi," in ji Nendirmwa. Aka sake dariya, amma ita idonta yana kan ƙafafun Zuwaira.

A nan ne ake gane ma'aikaci. Hanya mafi sauƙi ita ce ta rubuta abin da ogan ya ce, ta huta. Wadda ta bi ta a sauƙi ita ce ta sa a aiko 'yan hukuma su ɗauke bencin, a ci zarafin tsofaffin da suka yi shekara suna gadi ba ko sisi. In aka yi haka, ba magidancin da zai sake barin matarsa ta taka wurin. Nendirmwa ta tashi ta zagaya ginin. A bangon baya, bayan tulin shara, ta ga wata ƙofar ƙarfe da kwaɗo mai tsatsa. Unguwarzoma ta ce ƙofar fitar da shara ce, makullinta yana sakatariya.

Ranar ba ta bar Zuwaira haka ba. Ta lallaɓi unguwarzoma ta ɗauko abin awon jini, suka zagayo wurin injin. Jinin ya hau sosai. Unguwarzoma ta ce dole yarinyar ta riƙa zuwa ana dubawa a kan gado, wannan ba aikin bakin turmi ba ne.

Neman makulli ya ci mata kwanaki. Sashen ayyuka suka ce na sito ne. Mai sito ya tafi hutu. Mataimakinsa ya ce ta ga yadda za ta yi, wato ta ba da na goro, ta ce ta gani, za ta zauna. Ta zauna a gaban teburinsa da littafin karatunta har ya gaji da ganinta ya jawo akwatin makullai.

Saura shara da kwatar da ta toshe, kuma saura Alhaji. Ta same shi shi kaɗai bayan azahar, ta durƙusa.

"Baba, gadin gaba yana hannunku, gwamnati ta gode. Ina roƙon a ba ni matasa su share lungun baya. Zan buɗe ƙofa ta can."

"Ga ƙofa babba, me za a yi da ta shara?"

Ta dubi ƙasa. "Akwai masu son zuwa, Baba, amma suna jin nauyin manya."

Tsohon ya dubi bencin, ya dubi ƙofar da ke daf da gwiwarsa. Goron da ke bakinsa ya daina motsi. Mutum ne da ya san abin kunya in ya gan shi, ko a jikinsa ne. Bai tambaye ta su wa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

"Gobe da safe za ki ga yara da shebur," ya ce. Da ta miƙe ya ƙara, "'Yar Jos, wanda ya haife ki ya yi tarbiyya."

Ranar ƙarshen wata Mista Olaniyan ya zo da kansa, da mutumin haraji mai riƙe da tef na awon ɗaki. Ya tarar da ƙofar gaba wayam. Tsofaffin suna nan, sai dai an ja bencin zuwa bakin titi, sun ba ginin baya.

"Na gaya miki," Olaniyan ya ce wa Nendirmwa. "Ko akuya babu."

"Oga, shigo ciki."

Ya shiga, ya tsaya. Mata har ƙasa a zaune, robobin markaɗe a jere jikin bango, yara suna tsala ihun allura, unguwarzoma tana gumi tana faɗa da Yarabanci wai a bi layi. Zuwaira tana kan gado ana ɗaura mata abin awo. Olaniyan ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce wa mutumin haraji ya naɗe tef ɗinsa.

"Wa ya ba ki izinin buɗe wannan ƙofar?"

"Ba wanda ya hana, Oga. Na duba dokar."

Ya girgiza kai. "Wata unguwarzomar za ki nema nan gaba, na sani."

"Na riga na rubuta. Yana kan teburinka."

A waje, muryar Zuwaira ta fito ta taga tana amsa tambayar unguwarzoma. Alhaji Jumare bai waiwaya ba. Ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyonsa murya.