Dalma a Tukunya ta Tara

Karo na uku ke nan tana zura ruwan gwaji cikin na'ura a kamfanin gas ɗin da take aiki, karo na uku kuma allon yana nuna dalma. Ba ta taka kara ta karya ba, amma masu sayen wannan gas ɗin ba sa yarda da ko ƙwayar zarra ta ƙarfe a ciki. Aikinta ke nan: ta bi da iskar kowace tukunyar gas ta cikin ruwan asid, ta auna abin da ya maƙale.

Tun da hantsi ta kai wa manaja sakamakon farko, shi kuwa mutum ne mai yanke hukunci kafin a gama gaisawa. Ya ce tunda tukunya ta tara ta yi datti, laifin mai wanke ta ne, a buga wa Baba Mai Wanki takardar sallama kafin a tashi. Shekarar Baba ashirin da biyu a wurin. Ita watanta biyu, ko tabbatar da ita ba a yi ba.

Hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta auna asid zalla, wanda bai taɓa gas ba. Nan ma dalma. Ke nan ba daga tukunyar take ba. Tana juya hannu sai ga baƙi-baƙi a yatsan safar hannunta. Kwalli ne. Ƙanwarta ce ta matsa mata ta sa da safe, wai kullum tana fita kamar mai takaba, ita kuma ta sosa ido tana cikin aiki, daga safa ya shiga kwalaben gwaji. Tun a makaranta aka ja musu kunne cewa kwalli cike yake da dalma.

Ta wanke idon da sabulu har ya yi jajir, ta sauya safa da kwalabe, ta sake gwaji. Tukunyar fes take. Maimakon murna, tsoro ne ya rufe ta, don in ta yi shiru babu wanda zai sani, Baba ne zai tafi; in ta faɗa kuwa, aikinta ne a kan layi.

A baranda ta ci karo da Baba, ya riga ya ji labari, yana naɗe rigar aikinsa. Ya dubi idonta.

"Haba 'yata, saboda ni kike kuka? Na'ura ba ta ƙarya. Ke dai riƙe aikinki da kyau."

Ta wuce shi, ta ƙwanƙwasa ƙofar manaja. Takardar na gabansa, biro a hannu.

"Yallaɓai," ta ce, "kada ka sa hannu. Dalmar daga wurina take."