Takalman Malam Yunusu

Ni na sha wahalar ƙwan nan, kowa a unguwarmu ta Milezi shaida ne. Shekarar da faɗa ya raba Injamena biyu, masu bindiga suka shigo gidanmu neman abin miya, suka ɗauke min agwagwa a kan ƙwanta, saura ƙiris ta ƙyanƙyashe. Na naɗe ƙwayayen a tsohon zane, na ajiye gefen kaskon wuta, ina juyawa ina yayyafa musu ruwan ɗumi. Maigidana, Malam Yunusu, ban da dariya babu abin da ya taya ni da shi.

Ranar da za su fito, sai tsautsayi ya kai ni ɗiban ruwa. Ina dawowa na same shi tsugune, 'yan agwagwa suna hawa ƙafarsa suna gangarowa. Shi suka fara gani a duniya, shi ke nan ya zama uwa.

Wallahi abin ya ci min rai. Ni ke daka gero, ni ke kwaɓa dusa, ni ke wanke tabarmar da suka ɓata, amma in na miƙa hannu sai su watse kamar sun ga shaho. Shi kuwa da yake yana jan ƙafar hagu tun yarinta, da sun ji sharaf, sharaf ɗin takalmansa na taya, sai su jeru a bayansa, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado.

"Malam, ka faɗa wa 'ya'yan naka wa ke ciyar da su," na ce.

"Ke ma ai haka kika biyo ni, ban ba ki komai ba," in ji shi.

Haushi ya sa na ce to a fitar da su tsakar gida, na gaji da wari.

"Ba yanzu ba, Mairama. Ba su da uwar da za ta shafa musu mai a jiki, ruwa na taɓa su sanyi zai kama su. Ga shaho yana shawagi. Bari gashin fiffike ya fito, ni da kaina zan fitar da su."

Geronmu ya ƙare kafin gashin ya fito. Malam ya sa takalman fita, ya ce zai haye kogi zuwa Kusiri ya samo hatsi, ya dawo kafin la'asar. Da azahar aka buɗe wuta ta wajen bakin ruwa. La'asar ta yi, ta wuce. Duk wanda ya hayo na tare shi da tambaya, babu wanda ya gan shi.

Gashin ya fito, har fiffike ya rufe. Ɗaki ya yi musu kaɗan, wari ya hana ni cin abinci, ƙafar ɗayansu ta fara lanƙwashewa don rashin rana. Goggo Dije, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu, ta leƙo ta toshe hanci.

"Kalas, ya isa haka, Mairama, ki fitar da su. So kike su gurgunce?"

"Ya ce shi zai fitar da su, Goggo."

"Na ji, 'yata. Amma ki fitar da su."

Tsoro nake ji. Gani nake in na fitar da su, na yarda ke nan ba zai dawo ba. Amma da safe na ga gurgun ya kasa kai kansa wurin ruwa, sai na buɗe ƙofa. Na zuba dusa tun daga bakin gado har tsakar gida, na kira, na tafa. Ko kallo ban ishe su ba. Na kwashe su a kwando na juye kusa da babban kwanon da na cika da ruwa, suka kwasa a guje suka koma ɗaki. Na bi su, na same su bayan ƙofa sun cure a kan takalman tayar da ya bari.

Kishi ya turnuƙe ni har idona ya kawo ruwa. Ashe tsohon takalmi ma ya fi ni daraja a wurin 'yan banzan nan.

Na fizge takalman don in jefar. Ban san yadda aka yi ba, sai na gan su a ƙafata, sun yi min yawa. Na taka dama, na ja hagu. Sharaf. Duk suka ɗaga kai. Na sake. Sai ga su a bayana sun jeru, gurgun a ƙarshe yana ƙoƙari. Muka tsallake bakin ƙofa muka fito cikin rana. Na sani sarai ba ni suke bi ba.

Ban kai kwanon ba na ji tasa ta faɗi a gidan Goggo Dije.

"Yunusu?" ta kwaɗa kira ta bayan katanga. "Yunusu, kai ne? Mairama, fito, ya dawo!"

"Ni ce, Goggo," na ce.

Ban tsaya ba, don in na tsaya za su koma ɗaki. Na ci gaba da jan ƙafar.