Bolar Bayan Rumfar Zuera

Baba Mahama ya kwashe bolar da ke bayan rumfar matarsa Zuera a unguwar Nima. Ba yau ya fara ba. Duk ranar da ya kwashe, kafin a kwana biyu maƙwabta sun sake tara ta.

Da safen nan tankas, mai duba tsabtar unguwa, ya tsaya gaban tukunyar Zuera ya toshe hanci.

"Mma, ko bola ta tashi, ko koko ya tashi. In na dawo na ga ƙuda, rumfar nan ƙasa."

Da kokon nan gidan ke ci. Mahama tsohon soja ne, gwiwa ta ƙi shi, ba mai ɗaukarsa aiki. Ya ɗauki shebur.

Gwangwanaye ya ba Wasiu mai ƙera fitila. Kwalabe ya ba mata masu man gyaɗa. Masu awaki suka kwashe ɓawon rogo. Sauran ya tura a baro har bakin titi, inda motar hukuma ke ɗauka. Da nisa, shi ya sa ba mai zuwa.

"Malam, wahalar banza kake," in ji Zuera. "Gobe za su dawo da ita."

"Kawo ruwa."

Ya shiga kwata ya tsamo duwatsu, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya. Ya kankare ƙasar, ya zuba yashi. Sannan ya jera duwatsun suka kewaye filin, ya fitar da wurin liman ta gabas. Da azahar ya sa yatsa a kunne ya kira salla da muryarsa mai kaushi. Leburori suka ajiye kaya suka bi shi.

Suna sallamewa sai ga wata mata da kwandon shara a ka. Ta ga duwatsun, ta ga goshin maza da yashi.

"Subhanallahi! Yaushe?"

"Yau," in ji Mahama.

Ta juya ta kama hanyar titi. Na bayanta suka bi ta. Zuera ta rangaɗa guɗa, ludayi a hannu.

Da la'asar Alhaji Garuba ya zo, mai motocin haya a tashar Tudu. Gidansa ya fi kowane gida zubar da shara a nan. Ya yi salla a sahun gaba, ya yaba aikin, ya yi alkawarin tabarmi da kwanon rufi. Sannan ya ja Mahama gefe.

"Baba, iyalina suna kuka, titi ya yi musu nisa. Ka ja duwatsun nan kaɗan. Lungu ɗaya kawai ka bar mana."

Mahama ya dubi lungun. Yana jikin rumfar koko.

"A'a, Alhaji. Riƙe kwanonka. Ko ɓawon gyaɗa ba za a zubar a nan ba."