Uwar Marubuci a Bakin Tafki

Da kakar shekarar 1976 samarin Madarunfa suka shirya taron tunawa da marigayi Yahaya, ɗan garin da ya rubuta littafin labari aka buga shi a Yamai. Kowa murna yake yi, ban da tsohuwa Inde, wadda ta haife shi.

Yahaya ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In ya gaishe ta, sai ta amsa tana duban wani wuri. Ga ɗan ƙauye wannan ba abin tambaya ba ne. To amma shi an ɗauke shi lakwal, wato makarantar boko, tun yana ƙarami, ya tashi cikin mutanen da uwa ke rungume ɗa a tasha. Tun ranar da aka aiko da rasuwarsa abu guda ke cin ranta: kada dai ya tafi kabari yana zaton ba ta son sa.

"Inna, ki tashi mu tahi, an aje miki kujera gaba," in ji ɗiyarta Balaraba.

"Ni mi za ni yi can? Yayanki ba ya nan, sai a taru a yi ta kallona?"

Da ƙyar dai ta yafa zane ta bi ta.

Bakin tafki, inda aka shirya taron, ya cika maƙil. Mutanen Safo da Gabi sun zo a amalanken jaki, direbobin Ɗan Issa sun jera motoci kamar su suka rubuta littafin. Manya suka yi ta jawabi, har da waɗanda ko gaisuwarsa ba sa amsawa yana da rai, yau kowa ya zama amininsa. Inde dai ta sunkuyar da kai.

Can malamin lakwal ɗin garin, wanda ake kira Mushe Lawali irin kiran Faransanci, ya karɓi lasifika ya ce zai karanta wani yanki na littafin. Labarin wani yaro ne da aka zo ɗauka zuwa makaranta a Maraɗi. Dangi duk sun fito rakiya, uwarsa kaɗai ta ƙi fitowa, tana bayan ɗaki tana daka. Mutane na cewa kai, wannan mata da taurin zuciya take.

Inde ta gane labarin nan take. Ranar tafiyar Yahaya ce sak, ba ta mance ba. Ashe abin da take tsoro ne ya tabbata, kuma ga shi za a shanya ta a gaban duniya.

Malamin ya juya shafi ya ci gaba. Yaron, in ji littafin, ya tsaya a ƙofar gida ya kasa kunne. Shi da ya tashi gindin turmi ya san ƙarar taɓarya in ta faɗa kan gero, ya kuma san ƙararta in ta faɗa kan itace. Turmin nan babu ko ƙwaya a cikinsa. Dakan banza uwarsa take yi don kada a ji kukanta. Sai ya hau mota da farin ciki, domin a duk masu rakiyar ba wanda ya raka shi kamarta.

Tsofaffin mata suka shiga share ido da bakin zane. Inde ta ja dogon numfashi, ta ji nauyin da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Mushe Lawali ya matso ya durƙusa gabanta da lasifika. "Inna, ko za ki ce wani abu bisa marigayi?"

Ta ture abin da bayan hannu, ita ba ta magana da ƙarfe. Ta juya wajen Balaraba, hawaye na zuba, bakinta kuma yana dariya.

"Kin ji wanga yaro da kunnen tsiya," in ji ta. "Ashe ya jiya. Allah shi jiƙan shi, ashe ya sani."