Tsatsa a Bindigar Kawu Aulis

Duk mai harbi da tsohon harsashin soja ya san dokarsa: gishiri yake bari a bututun bindiga, dole a ranar ka tuttula mata tafasasshen ruwa, ka busar, sannan ka sa mai. Raimo ya sani sarai. Shi ne ma mai yi wa sababbin shiga tsiya a kai.

Amma ran Asabar ɗin da ya ci gasar ƙauyensu da bindigar kawunsa Aulis, murna ta ɗebe shi. Daga filin harbi abokai suka ja shi wankan tururi, wato sauna. Bindigar kuwa, ya dangwala mata mai, ya jingine, wai sai gobe. Goben nan sai da ta yi wata biyu.

Da ya leƙa bututun, me zai gani? Tsatsa ja wur! Bindigar da mahaifin Aulis ya riƙe a tsohon yaƙin da ake kira yaƙin hunturu, shekara tamanin ba ta san tsatsa ba, sai a hannun wannan sakaran. Ya goge, ya dirje, amma ina, ramukan da tsatsa ta ci ba sa cikowa. Kunya kamar ta kashe shi.

Ya ɗauki bindigar zai mayar wa kawun nasa, ya iske tsohon a kicin yana dafa kofi.

"A'a, sarkin harbi!" in ji Aulis. "Na ɗauka aurenta ka yi. Ka dai yi mata wanka ko?"

"Na yi, Kawu."

Aulis ya zare ƙarfen bayanta, ya ɗaga ta saitin taga. Shekara uku ke nan idanunsa sun yi yana.

"Hazo kawai nake gani. Duba min, ɗan nan. Tana sheƙi?"

"Kamar madubi," in ji Raimo.

Tsohon ya naɗa tsumma a tsinken goge bindiga, ya tura. Tsumman ya cije. Ya tsaya, ya sake turawa a hankali, ya sake cijewa. Raimo ya sunkuyar da kai yana jiran zagi. Da ma zagin ne, da ya fi masa sauƙi.

"Kai, tsufa bai yi ba," in ji Aulis. "Da idanu ne kaɗai, yanzu har hannuna ya fara yi min ƙarya. Riƙe ta kawai, Raimo. A wurinka za ta fi samun gata."

Ya turo masa bindigar a kan tebur, ya laluba ya ƙara masa kofi.