Man Shanun Tarakta

Rayyanu shi ke tuƙa taraktar ƙungiyar manoman Kanan-Bakaché. Idan aikin huɗa ya ƙare, sai ya ɗaura tirela ya riƙa kai buhunan gero da mutane kasuwar Mayahi.

Ɗakin da shufer ke zama yana da wata 'yar na'urar lantarki da ke sa shi lilo a hankali, don kada ramuka su wahalar da mutum. Da na'urar ta ƙone, sai ɗakin ya koma kamar turmi. Kafin a kai Mayahi, haƙoran Rayyanu sun gama gaisawa da juna.

Wata ranar kasuwa, Hamsatu, wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da nono, ta ce ya ajiye mata bidon kindirmo, wato jarka, a gefen kujerarsa, saboda a tirela awaki na ture shi. Da suka isa ta buɗe, sai ga man shanu ya taso curi-curi, kamar an wuni ana kaɗawa. Ta dubi bidon, ta dubi tarakta. Mako na gaba ta zo da bido uku, biyu na maƙwabtanta.

Ana haka sabuwar na'ura ta iso daga Maraɗi, Tanko bakanike ya ɗaura. Ranar Rayyanu har waƙa ya yi a hanya. Amma da Hamsatu ta buɗe bidunanta, kindirmo ne yadda ta zuba shi.

"Ɗana, me ya samu motar nan? Ta lalace?"

"Gyara ta aka yi, Inna."

"Wa ya ce a gyara?"

Ya ja ta ya nuna mata na'urar a ƙarƙashin ɗakin, har da inda wayarta ke shiga, yana ta alfahari. Ta tsuguna ta ƙare mata kallo, ta ce Allah ya sa albarka.

Mako na gaba, suna fita gari sai jijjiga ta dawo, har hularsa ta faɗi. Yana sauke kaya ya wuce garejin Tanko a fusace.

"Jabu ka sa mini!"

Tanko ya shiga ƙarƙashi, ya tarar an zare wayar. Ya shafa ta, ya sansana yatsunsa, ya fito ya miƙa wa Rayyanu.

"Sansana. Wannan giris ne?"

Man shanu ne.

Suka iske Hamsatu a rumfarta, mata sun yi mata layi da kwanoni.

"Inna, ke kika taɓa waya?"

"Ni? Ina na san lantarki? Ko tocila jikata ke kunna mini."

"To man da ke jiki fa?"

"Motar da ta saba da mai, ai dole ta yi gumi."

Tanko ya juya baya yana dariya. Rayyanu ya so ya yi faɗa, amma ta riga ta dama masa fura, ta jefa mai curi guda a ciki. Ya shanye tas.

Da yamma Tanko ya mayar da wayar, ya ɗaure ta tamau da ƙarfe. Ranar kasuwa ta gaba Hamsatu ta zo tun da wuri, ta gaishe da Rayyanu da fara'a. Da ya karɓi ƙwaryarta zai ɗora, sai ya ji ta yi nauyi. Ya ɗaga faifai, ya ga filayar yanke ƙarfe.