Sunanta Geza

Wata bakwai ke nan da Radiya ta kafa teburinta a bakin tashar Tanut, kuma har yau ba a sami ɗan gari ɗaya da ya shanye kofin shayinta ba. Gahawa dai tana tafiya. Ƙwallon dabino take soyawa sai ya yi baƙi, ta daka shi da citta da kanumfari kamar yadda kakarta Hajjo take yi a ƙauyensu Ollelewa, direbobi kuwa suna sonta don tana korar gyangyaɗi. Shayin ne ya ƙi. Ganyen geza take dafawa da ɗan tazargade, ya fito jawur, ga ƙamshi, ga kwantar da ciki. Amma da ta faɗi sunan ganyen sai a ture kofi.

Safiyanu, direban da ke jigila tsakanin Tanut da Damagaram, ya fi kowa baki. Kullum sai ya tambaye ta ko awakin Ollelewa sun san tana kwashe musu abinci.

"Maman Ramla, geza fa kwando ake saƙawa da ita," in ji shi, don da sunan ɗiyarta ake kiran Radiya a tasha. "In na sha na fara kukan akuya a kan sitiyari, wa zai ɗauki alhakin fasinja?"

Ƴan tasha su bushe da dariya, shi kuma ya tsallaka wajen mai shayi ya sha ruwan ganyen da bai san ƙasar da aka tsinke shi ba. Wannan ne yake ƙona wa Radiya rai. Tun da mijinta ya aiko mata da saki ta waya daga Aljeriya, ya bar ta da ƴaƴa biyu, kowa shawara ɗaya yake ba ta: ta sayi shayi mai igiya da madarar gwangwani, ta yi yadda kowa yake yi. Ba wanda ya taɓa ce mata shayinta ba daɗi. Sunan ne kawai ba su so.

Wata Laraba sai ga Abdulgafar a kan babur. Ajinsu ɗaya a kwaleji kafin ta bar karatu, yanzu yana aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa makiyaya. Ya ce za su yi taron kwana uku, da baƙi daga Yamai, suna neman mai kawo shayi da gahawa lokacin hutu. In ta gamsar da su, duk tarukan shekarar nata ne. Radiya ta gyara zama. Wannan ita ce hanyar da za ta raba ta da zaman rana da bakin Safiyanu.

Ta zuba masa shayin, ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya shanye. Sannan ya rage murya ya kawo sharaɗi. A Yamai, in ji shi, wannan ganye kinkeliba ake ce masa, a manyan kantuna ake sayar da shi cikin leda mai rubutu. To haka za ta kira shi. In an tambaya, ta ce daga Dakar ake kawo mata.

"Mushe," ta ce, don da wannan laƙabi na Faransanci take kiransa in ya ba ta haushi, "ai ko a bayan gidan kakarka akwai geza."

"Shi ya sa," ya ce, ya tada babur.

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba. Ta dai wanke tarmos huɗu, ta aro tire biyu a maƙwabta, ta yanke a ranta cewa in ba a tambaye ta ba, ba za ta buɗe baki ba.

Ranar farko, ƙarfe goma, aka fito hutu. Abdulgafar da kansa ya sanar cewa akwai kinkeliba ta musamman daga Senegal. Radiya tana zuba shayi tana kallon ikon Allah. Ga wani ma'aikaci da ya taɓa ce mata a tasha gara ya sha ruwan wanki da ya sha geza, yau ya lumshe ido yana bayyana wa na kusa da shi cewa mutanen Dakar sun san sirrin lafiya. Ya miƙo kofi a ƙara masa. Ta zuba masa, cike da takaici.

Akwai wani tsoho, Barmo, wakilin makiyayan Tenhya. Ya karɓi kofinsa, ya janye rawani daga hanci, ya shinshina, ya kurɓa. Sai ya dube ta ya yi murmushi.

"Ɗiyata, wannan ai geza ce. Har da tazargade. Rabona da ita tun mahaifiyata na da rai."

Aka yi dariya, wani ya ce tsoho bai taɓa fita yankin nan na Damargu ba, komai ya gani sai ya ce na dajinsu ne. Barmo ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi. Daidai nan Madam Zuhaira, shugabar baƙin Yamai, ta matso ta tambayi Radiya a ina take samun ganyen, don bai yi kama da na kanti ba, nata ya fi ƙamshi.

Abdulgafar yana bayan Madam, yana ƙifta wa Radiya ido. Kalma ɗaya ce, ta ce Dakar ta ci tarukan shekara. Ta dubi tsohon da aka mai da shi wawa saboda ya gane abin da uwarsa take dafa masa.

"Baba ya yi gaskiya, Madam. Geza ce. A fakon Ollelewa nake tsinko ta, in shanya a inuwa."

Madam Zuhaira ko a jikinta. Ta ce ai geza da kinkeliba abu ɗaya ne, ta ma roƙi a ɗaure mata ƙulli biyu ta kai gida. Amma ƴan gari fa? Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kofuna a kan taga, wasu ko rabi ba su sha ba. Mai yabon mutanen Dakar ya zagaya bayan ɗaki ya zubar da nasa.

Da yamma Abdulgafar ya same ta tana haɗa kaya. Ya ce ta kunyata shi a gaban manya, ta sa ma'aikata suna cewa an shayar da su abincin awaki. Gobe kada ta zo, ya riga ya yi magana da mai shayi. Ta tuna masa cewa baƙin da yake jin tsoro su ne suka nemi ƙari. Ya ce baƙi jibi za su tafi, shi kuwa da ƴan gari zai zauna.

Washegari ta koma bakin tasha, ta hura gawayi. Labari ya riga ta isowa. Safiyanu ya zo, ba dariya yau, ya waiga dama da hagu, ya zaro ƙaramin tarmos daga cikin rigarsa. A hankali ya ce ta zuba masa kinkelibar nan da manyan Yamai suke saye.

"Babu," ta ce.

Ya nuna butar da ke tafasa a gabanta.

"Wannan geza ce. Ita kake so?"

Ya sake waigawa, ya ɗaga kai kaɗan. Radiya ta karɓi tarmos ɗin, ta ɗaga buta sama yadda kowa zai ga jan ruwan yana sauka, ta ɗaga murya har sai da ƴan kamasho suka juyo.

"Geza ɗaya, ta direba Safiyanu."